Igiyar da ke Tsakanin Gwiwoyi

To, ku ajiye wayoyin nan tukuna. Tun da aka idar da la'asar nake jin ku a bakin ƙofata, wai tuƙin jirgin sama yanzu ba aiki ba ne, danna maɓalli ne, mutum ya harɗe ƙafa ya sha kofi har Duwala. Wani cikinku har cewa ya yi wanda ya tuƙa jirgin yaƙi, jirgin fasinja ai wasan yara ne a wurinsa. Ban ga laifinku ba. Ni ma na faɗi haka da bakina, kuma lokacin har furfura ta fara fito mini a gemu.

Duk unguwar Pumpumre an san ni Kwamanda Garba na ajiye tuƙi saura shekara shida lokacina ya cika. Wasu sun ce ciwon baya ne, wasu sun ce ido. Bayan dai yana ciwo, ba ƙarya, amma da shi na yi shekara ashirin ina tashi. Ido kuwa, daga nan ina ganin wanda ke ɓoye sigari a bayan riga. Na gaji da jin ana yi mini ƙarya don a rufa mini asiri, shi ya sa yau zan gaya muku abin da ya sauke ni daga kujera.

Mahaifina ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda yake sayarwa a babbar kasuwar Garwa, kamar yadda ubansa ya yi tun da ya zo daga Kano. Rumfa ya so in gada. Da na ci jarrabawar soja daga lakwal, wato makarantar boko, wata uku bai amsa gaisuwata ba. Wannan wani labari ne, mu bar shi.

Ranar da na fara shiga jirgin yaƙi, bazara ce, irin zafin Garwa da kuka sani, wanda kwalta ke manne wa takalmi. Wurin zaman bai fi akurkin kaza ba. Ka sa kwalkwali, ka ɗaura abin shaƙar iska a hanci, ka sa wani wando mai matse cinya da ciki don kada jini ya gudu daga kanka idan ka yi kwana da ƙarfi. Sai makanike ya hau tsani ya ɗaure ka da kujera tamau. Namu makaniken sunansa Ajidan Buba, dattijo ne marar magana. Shi ke zare ƙusoshin da ke kulle kujerar, ya ɗaga maka su a gaban ido ka ƙirga, sannan ya rufe maka gilashi. Daga lokacin da ya zare su, a kan albarushi kake zaune. Tsakanin gwiwoyinka akwai wata igiya mai kauri, an lanƙwasa ta kamar kunnen jaka, da zane rawaya da baƙi. Ka ja ta, gilashi ya tashi, kujera ta harba ka sama, lema ta buɗe. Ku riƙe igiyar nan a ranku, za mu dawo kanta.

Otomatik? Wane otomatik! Jirgin da na koya a kansa ba shi da ko ɗaya. Hannun dama a kan sanda, na hagu a kan totur, ƙafafu a kan feda, tun daga tashi har sauka. Taswira a ɗaure take a cinya, agogo a gabanka, kana bin kogin Binuwai ƙasa-ƙasa har kana ganin masunta suna sunkuyawa cikin kwalekwale. Kana lissafin mai a kai, kana duba inji, kana duba ɗan'uwanka da ke gefen fiffikenka. In hanci ya yi maka ƙaiƙayi, sai ka matse sanda da gwiwa ka sosa. Minti arba'in kawai, amma in ka sauko za a iya matse rigarka a cika kofi.

Wanda ya koya mini shi ne Kyaftin Hamadu, Bafulatanin Tinyer, siriri, ba ya dariya sai in wani ya faɗi. Karatunsa guda ɗaya ne: hannu kafin baki. Yakan ce, "Kai kaɗai ne a can sama. Da wa za ka yi shawara? Kafin ka gama tunani ƙasa ta iso." Abin da ya fi tsananta mana a kai kuwa, igiyar nan ce. Muna cikin cin abinci, ko muna alwala, ko muna tafe muna hira, sai ya daka tsawa daga baya, "Inji ya mutu!" Duk wanda hannunsa bai kai tsakanin gwiwoyinsa ba kafin ya rufe baki, zai goya lema ya zaga rumfar jirage sau goma da tsakar rana. Na zaga har na san yawan ƙusoshin bangon. Wata rana na ce masa, "Mon kapiten, in inji ya mutu ba sai mutum ya gwada tayar da shi ba?" Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "In kana da nisa da ƙasa, gwada. In kana kusa, jirgi na gwamnati ne, za ta sayi wani. Uwarka kuwa ba za ta sake haihuwarka ba."

Shekara biyu ya yi yana dasa mana wannan, har ya zama ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai ka ga mutum shida sun kai hannu ƙasa lokaci guda. Mutanen gari suka riƙa yi mana dariya a wurin mai shayi.

Wata safiya a ƙarshen damina, shekarata takwas da fara tashi, ina ƙasa-ƙasa wajen Ngong, sai wani abu baƙi ya gifta. Ungulu ce. Na ji kamar an buga guduma a bayana, warin gashi mai ƙonewa ya cika mini hanci, allurar agogon inji ta faɗi. Inji ɗaya ne da jirgin, ga ƙasa kusa. Wallahi ban yi tunani ba. Ban tuna Allah ba, ban tuna uwata ba, ban ma san na ja ba. Sai ganina na yi ina lilo a ƙarƙashin lema, jirgin kuma yana ci da wuta can cikin daji, bai taɓa ko akuya ba. Na faɗo cikin gonar auduga. Mai gonar ya zo da fartanya a kafaɗa, ya tsaya a kaina, sai ya ce da Fulatanci, "Jam na?", wato lafiya kuwa? Ni kuma ina kwance ba na iya motsi, na ce masa jam. Wata uku na yi a asibiti, ƙashin bayana ya matse, har tsawona ya ragu da kamar yatsa guda. Hamadu ya zo duba ni sau ɗaya. Bai tambayi jikina ba. Hannuna na dama ya kama, ya girgiza shi, ya ce, "Wannan ya yi karatu."

Daga baya an tura ni kwas ƙasar waje, na zauna a cikin sababbin jiragen yaƙi, irin waɗanda kuke gani a waya. Waɗannan kam suna da na'ura, har ta yi yawa. Sandar ma ba ta haɗe da fiffike ba, kwamfuta ce a tsakani. Ka ja fiye da ƙima, ta ƙi, don kada ka karya jirgin. Kana iya ce mata ta riƙe maka tsayi da hanya, kai ka sunkuya ka duba allo. Amma ku fahimci dalilin. Tana riƙe maka ne na ɗan lokaci don idonka da kanka su samu sararin neman abokin gaba, kamar yadda mai ɗaukar kaya ke riƙe maka jaka a kasuwa kai kana ciniki. Da abu ya rikice, ka fizge kayanka. Ba ka gaya wa kowa, don babu kowa. Igiyar nan kuma tana nan inda take, rawaya da baƙi, ba su canza mata ko launi ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Kayan gyara suka ƙare, aka riƙa kwance jirgi ɗaya don a tayar da ɗaya, har waɗanda ake kwancewa suka fi masu tashi yawa. Mai ma sai an sa hannu a takarda uku. Muka koma zaman gindin dalbejiya, matuƙa goma sha, muna buga dara daga safe har azahar. Zanzaro ya yi ɗaki a cikin bututun auna gudu, Ajidan Buba yana bi yana sakacewa da tsinke yana tsaki. A shekarar gaba ɗaya ban yi tashin da a da nake yi a wata guda ba. Matuƙin da ba ya tashi kuwa lalacewa yake yi, shi da kansa yana ji. Da wani kamfanin jiragen fasinja ya buɗe yana neman mutane, na ajiye kaki. Ina da shekara arba'in da huɗu. Na ce wa abokaina, "Ai wannan hutu za ni. Motar kasuwa ce mai fiffike."

Alhakin motar kasuwa ya kama ni tun makon farko.

Da farko dai, duk igiyoyin da ke kafaɗata ba su amfane ni da komai ba. Kujerar dama aka ba ni, ta mataimaki, na koma ɗalibi. Aka kai mu simu, wato wani ɗaki ne a kan ƙafafun ƙarfe, cikinsa sak gaban jirgi, yana girgiza yana karkata, malami na zaune a bayanka yana kashe maka inji yadda ya ga dama. A nan na tarar duk abin da Hamadu ya koya mini an juya shi. Baki kafin hannu. Ba ka taɓa maɓalli sai ka faɗa, na kusa da kai ya duba ya amsa. Abin da na'ura ta rubuta a allo, ka karanta shi da ƙarfi ko da ku biyun kuna kallonsa. Jim kaɗan da barin ƙasa ka miƙa wa otomatik tuƙi, ba za ka karɓa ba sai an kusa sauka. In matsala ta taso, a maimakon ka fizge, sau da yawa so ake ka ƙara ba shi, don kanku ya samu sarari ku karanta takardar matakai layi-layi.

Kun ce hutu ne? Ku gwada zama awa biyu kuna gadin wanda ke aiki daidai. Otomatik ma'aikaci ne mai ƙwazo marar wayo. Ba ya gajiya, hannunsa ba ya rawa, ya fi ni iya riƙe tsayi sau goma. Amma abin da ka rubuta masa shi zai bi, ko da ka yi kuskuren lamba ɗaya ka nuna masa dutse. Ba zai tambaye ka ba. Aikinka shi ne ka san abin da yake yi yanzu, da abin da zai yi nan gaba, da dalilin da ya sa. Gajiyar jirgin yaƙi a jiki take, ka yi wanka ka kwanta ta wuce. Wannan kuwa a cikin kai take taruwa.

Ga kuma mutane. A soja ban taɓa ganin fuskar wanda nake wa aiki ba. A nan kuwa ina zaune ina kallon su ta taga suna hawa: 'yan kasuwar Kusiri da jakunkunan da suka rantse ba su da nauyi, mata da ƙullin kilishi za su kai wa 'ya'ya a Yawunde, marar lafiya da aka tallafo, babban ma'aikaci da ya makara kuma yana harara. Kukan jariri yana ratso ƙofa har inda muke. Babu wanda ke da kwalkwali a cikinsu, babu mai lema. Mu ma a gaba ba mu da ita. Kujerar jirgin fasinja kujera ce kawai, tsakanin gwiwoyinka babu komai sai yadi.

Wadda na fi yin aiki da ita Kyaftin A'isatu ce, 'yar Marwa. Ranar da na faɗo gonar auduga ita tana sakandare. Ba ta taɓa sa kaki ba, a makarantar farar hula ta koya. A ƙasa Kawu take kira na, har takan karɓar mini jaka. Da an rufe ƙofa kuwa ita ce shugaba, kuma ba ta wasa da wannan. Wata rana muna gangarawa Ngaundare, tuƙi a hannuna, na hango hadari ya taso a gabanmu. Kafin ka ce kwabo na kashe otomatik na karkata hagu. Na yi daidai, hadarin na wurin. Ta bari sai da muka sauka, fasinja suka fita. Sannan ta cire abin kunnenta, ta ce, "Kawu, me ka gani?"

Na ce, "Hadari mana. Ke ba ki gan shi ba?"

Ta ce, "Na gan shi. Abin da ban gani ba shi ne cikin kanka. Jirgi ya karkata, ƙararrawa ta yi kuka, ban sani ba ko kai ne, ko na'ura ce ta lalace. Saura kaɗan in ja dama kai kana jan hagu. Hannunka ya fi bakinka sauri. A nan mu biyu ne."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Yarinyar da na girme wa da shekara goma sha! Amma gaskiya ta faɗa, na haɗiye. Shekara biyu na yi ina koyon magana kamar jariri, har ya zama ko a mota in zan sa sigina sai na faɗa, iyalina suna dariya.

Abu ɗaya ne ya ƙi fita. Duk wata shida ana mai da mu simu a gwada mu, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. A gwajina na biyu malamin ya kashe mini inji daidai lokacin da muka bar ƙasa, da ƙara mai ƙarfi. Sai ji na yi yana dariya a bayana. Ya ce, "Kwamanda, ina za ka? Ka bar mu a nan?" Na duba, ashe hannuna na dama ya saki sitiyari yana tsakanin gwiwoyina. Muka yi dariya dukanmu, ya sake mini gwajin, na ci. Na dawo gida na sa kujera a tsakar gida, na riƙe muciya da hannu biyu, na sa a riƙa buga mini faranti ba zato. Na yi haka wata da watanni. Shekara tara bayan nan ina shiga simu ina fita, ana kashe mini inji ta kowace fuska, hannun bai sake motsi ba. Na ɗauka na kashe abin.

Ranar da zan gaya muku, farkon damina ne, shamuwa ta iso gari. Jirgin azahar ne daga Garwa zuwa Yawunde, mai farfela biyu, cike da mutane, sittin da wani abu. Ni da Kyaftin A'isatu. Juyina ne na tuƙi. Muka yi duk abin da ake yi, muka karanta, muka amsa. Na tura totur, muka gudu, na ɗaga hanci. Ta ce muna hawa, na ce a naɗe ƙafafun jirgi, ta naɗe. Ba mu kai tsayin da ake ba otomatik ba, tuƙi na hannuna, kogi na gabanmu. Sai ga shamuwa, garke guda, sun taso daga bakin ruwa.

Gudumar nan dai. Jirgin ya fizga dama. Sannan warin ya shigo ta bututun iska, warin gashi mai ƙonewa. A simu akwai ƙara, akwai girgiza, akwai ƙararrawa, amma babu wari.

Ƙafata ta yi abin da ya kamata, ta taka feda. Hannuna kuwa ya tafi. Yatsuna suka damƙi yadin kujera tsakanin gwiwoyina, suka ja. Sau biyu na ja, ina ji yadin yana ɓarkewa. Bai fi numfashi biyu ba. A cikin numfashi biyun nan babu mai riƙe da jirgin, fiffiken dama ya sunkuya, na ga rufin kwanon gidajen bakin kogi sun cika taga.

"Na karɓa!"

Muryarta ce ta dawo da ni. Na ce, "Kin karɓa," kamar yadda doka ta ce. Ta miƙe fiffiken, ta sauke hanci kaɗan don gudu ya dawo, muka riƙa hawa da kyar da inji ɗaya. Da muka kai tsayi ta daidaita shi, ta ce, "Ba shi otomatik." Na danna, na karanta abin da allo ya nuna. Ta ce, "Takarda." Na ɗauko na fara karantawa. Na ɗora yatsa a kan makashin inji na ce, "Na dama." Ta duba, ta ce, "Na dama, tabbas." Na kashe. Muryata ba ta yi rawa ba, ita ma haka. Na'urar nan da na raina tana riƙe da mu lafiya lau, muka zaga ta kan Binuwai, na yi magana da hasumiya, ita ta yi wa fasinja bayani da Faransanci da Fulatanci. Minti goma sha biyu muka dawo ƙasa. Saukar ma ko ruwan kofi ba zai zube ba. Muna jin tafi da kabbara daga baya.

Bayan an kwashe mutane, makanikai suka taru a ƙarƙashin injin suna zaro gashin shamuwa. Mu kuma muka shiga ɗan ofishin kamfani don rubuta rahoto. Ta rubuta, ta turo mini in sa hannu. Na karanta. An bugi tsuntsaye bayan tashi, injin dama ya tsaya, kyaftin ta karɓi tuƙi, an bi matakai, an sauka lafiya. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Kyaftin ta karɓi tuƙi a irin wannan hali ba abin tambaya ba ne, babu wanda zai ɗaga gira.

Na ce, "Kyaftin, kin gani."

Ta tashi ta rufe ƙofa. Ta ce, "Na gani, Kawu. Ni kaɗai na gani. Ƙafarka ta riƙe mu, karatunka bai yi gargada ba. Zan nemi a mai da kai simu mako mai zuwa, mu biyu, mu yi ta yi har ya fita."

Na ce, "Shekara tara nake cin simu."

Ta dawo ta zauna.

Na ce, "Da a ce yau ba ke ba ce? Da wani ne da ya sunkuya yana duba allo, ko ya yi jinkirin numfashi ɗaya? Saura wata huɗu a ba ni kujerar hagu, kin sani. Ranar da zan zama kyaftin, wa zai ce na karɓa? Yaron da ya fito makaranta jiya?"

Ta ce, "Shekara shida ta rage maka. Kana da iyali. Ka kwana a kai tukuna."

Na san in na kwana a kai zan samo dalili, dalilai ma ba ɗaya ba, masu kyau. Na ce ta ba ni biro. A ƙasan rubutunta na ƙara layi ɗaya: mataimaki ya saki tuƙi ya nemi igiyar kujera. Na sa hannu. Ta karanta, sannan ita ma ta sa. Ban ji wani sauƙi ba, kada ku ɗauka. Gajiya kawai na ji, irin wadda ban taɓa ji ba ko a gadon asibiti.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Likitoci, kwamiti, tambayoyi. Sun yi mini adalci, har sun ce in sake gwaji. Na ce musu gwajin da zan yarda da shi sai an ƙona tsuntsu a ciki, kuma a cika kujerun baya da mutane. Suka ba ni aikin koyarwa a ƙasa, na yi shekara biyu, na dawo gida. Ban ga laifin Hamadu ba, Allah ya jiƙansa. Abin da ya dasa ya dasa shi da kyau, ba don shi ba da ƙasusuwana na wajen Ngong. Sai dai ya yi wa mutum ɗaya karatu ne, ni kuma na ɗauki karatun na shiga da shi inda ake da sittin.

Amma ban gama muku ranar ba. Da muka fito daga ofishin, dole mu ratsa ta zauren da fasinjanmu ke jiran wani jirgin. Suka taso mana. Kun san mutanenmu, sun ga namiji mai furfura da mace a gefensa, sai suka wuce ta suka yo kaina. Wata tsohuwa 'yar Kusiri, da carbi a wuya, ta kutsa ta kama hannuna na dama da hannayenta biyu. Har lokacin akwai zaren yadin kujera a ƙarƙashin farcena.

Na ce, "Hajiya, ba ni ba ne. Ga wadda ta sauke ku nan."

Ta ce, "Kai dai yi shiru, ɗana, mun san kunyar manya." Ta ɗaga hannun sama don kowa ya gani, ta tofa masa addu'a, ta ce, "Allah ya yi albarka ga hannun da bai sake mu ba."

Zauren duka ya ce amin. Na waiwaya, Kyaftin A'isatu na tsaye a baya ita kaɗai, rungume da jakarta da tawa. Na dube ta, ni ma na ce amin. Addu'a ta san mai ita.

Ku matsa mini in shiga, ciwon bayan nan ya fara.